Ranar da Kawunnaina Suka Gwada Amfilifaya

Jiya na bi ta gaban wani shagon gyaran rediyo a unguwar Alabar, ƙaurin waya mai zafi ya bugi hancina. Sai ga ni a tsakar gidanmu na Asawase, ina yarinya, ranar da aka zubar da jini a kan sautin jita.

Kawunnaina biyu makaɗan jita ne. Babban yana da tsohuwar amfilifaya, akwatin nan da ke ƙara wa jita murya, wadda ya samu a hannun wani tsohon makaɗin hailaif. 'Yan kwalabe ne a cikinta, sai sun yi ja kamar garwashi kafin ta yi magana. Muryarta da kauri, da ɗan gurnani a ƙasa. Kana jin ta a ƙirji kafin ta iso kunne. Ƙaramin kuwa ya dawo daga Legas da sabuwa marar kwalba, ana murɗawa take tashi. Tata muryar siririya ce, tana tsaga iska har bakin titi inda motocin haya na trotro ke lodi.

Da damina aka gayyace su kiɗan suna, kuma ɗaya kawai za a ɗauka. Bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, suka jera akwatunan a baranda don gwaji, jita ɗaya suna sauya mata akwati. Da tsohuwar ta yi magana, matan da ke dakan fufu suka tsaya suna rausaya. Da sabuwar ta tashi, yaran layi suka cika zaure.

"Taka gwangwani ce," in ji babban.

"Yaya, taka mura take yi. Zamaninta ya wuce, ita da mai ita."

Marin da ya biyo baya har yau ina jin ƙararsa. Ƙaramin bai rama ba. Ya fizge taɓarya daga hannun mahaifiyata, ya zabga wa tsohuwar akwatin ta baya. Kwalaben suka tarwatse, hayaƙi ya tashi. Babban ya yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba, ya ɗaga jitar ya kwaɗa wa ƙanensa a gefen kai har ta rabe. Jini ya ɓalle ta kunne. Suka rungumi juna suka faɗi a kan fasassun kwalabe, suna birgima cikin taɓo, suna shaƙe juna.

Kakata ce ta raba su. Ta fito ba ɗankwali, ta durƙusa tsakaninsu.

"Ku fara da ni. Ni na haife ku."

Tasi ɗaya ta kai su asibiti. Kwalba ta tsinke wa babban jijiya, yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, kiɗa ya ƙare masa. Ƙaramin ya daina ji da kunnen hagu. Sun ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya, amma ba a sake ambaton jita a gidan ba.

Yanzu babban ya rasu. Samarin unguwa a waya suke kiɗansu, su zaɓi sautin kowane zamani da yatsa, ba mai ɗaga wa wani murya a kai. Kwanaki ɗana ya kunna wa ƙaramin kawu wani sauti da aka ce kwaikwayon tsofaffin akwatuna ne. Tsohon ya juyo da kunnensa mai ji, ya daɗe yana saurare.

"Bai kai ba," ya ce. "Akwatin Yaya numfashi take yi. Tun a barandar na san ta fi tawa, shi ya sa na ɗauki taɓarya."