Na Sayi Ƙuri'a da Takin Manoma

Kafin sunana ya ɓaci, ni ne mai shagon kwamfutar nan na Funtua da ɗalibai ke zuwa duba sakamakon jarrabawa. Daga nan na buɗe shafi a intanet. Manomi ya turo kuɗin taki ta waya tun da rani, lokacin yana da araha, ni kuma in haɗa in saro, in kai masa har ƙauye kafin ruwa ya zauna. Shekarun farko ban ci sisin kowa ba. Kawuna na Maska, yayan mahaifiyata, shi ya riƙa jawo mini mutane yana ce musu shi ya tsaya mini. Har daga garin Ƙarfi ake turo kuɗi.

Mabiyan shafina ne suka ruɗe ni. Ina sa hoto sai a yi ta rubuta mini sai ka yi, Onarabul. Mutanen da ko katin zaɓe ba su da shi, wasu ma a Legas suke zaune! Ni kuma da wautata na ɗauka duk wanda ya danna mini yatsa ƙuri'a ce. Na fito takarar majalisar jiha.

Da kuɗin fosta na fara. Na ara daga asusun taki, na ce zan mayar ranar kasuwa, ban mayar ba. Sai hayar motoci, sai abincin 'yan rakiya. Can aka gaya mini zaɓen fid da gwani ba ruwansa da waya, deliget ne ke zaɓa, kuma ba a zuwa gaishe su hannu rabbana. Na bi su gida-gida. Kowanne ya karɓa, ya dafa ƙirji, ya ce in je in ɗinka babbar riga kawai. Ashe ina fita abokin karawata ke shiga, shi ma a dafa masa ƙirjin. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ana cikin haka ruwa ya zauna. Masara ta kai gwiwa, kuma kowane ɗan manomi ya san in ta wuce nan babu taki, an yi asarar shekara. Kawu ya hau babur ya same ni a ofishin kamfen. Ko zama bai yi ba.

"Ɗan nan, ganye ya fara yin ɗorawa. Ina motar takin?"

Na kalli tsabar idonsa na ce tana hanya. Lissafina shi ne in na ci tikiti masu kuɗi za su kawo kansu, in biya kowa a rufe.

Ranar zaɓe, ko deliget ɗin da na ɗinka wa kaya bai zaɓe ni ba. Manoma suka kai ƙara, aka kama ni, kotu ta ɗaure ni. Mabiyan nan nawa kuwa su suka fara yaɗa hotona da ankwa, har da dariya.

Da na fito na tuba ga Allah, na wuce Maska neman gafara. A gonarsa na sami Kawu yana noma, sai dai gonar ba tasa ba ce yanzu. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya jinginar da gonar, ya biya waɗanda ya tsaya mini a wurinsu. Ƙwadago yake yi a ciki, da furfurarsa. Na durƙusa ina kuka. Ya ce ya yafe, amma in tashi in ba shi wuri, mai gona ba ya son a tsaya hira.

Matasa, ku ji ni da kyau. In kuna son takara ku yi da guminku, kuma kada ku yarda da tafin da ake yi muku a waya. Abin da aka ba ku amana kada ku taɓa shi da sunan aro, haka na fara. Ni kotu ta yanke mini wa'adi, na gama. Kawu da bai ci komai ba, har yau yana kan biya.