Kwalbar da ta Daskare a Akwatin Auta

A gidansu ba wanda ya taɓa zaton Auta ce za ta zama mai yawon ƙasashe. Yarinyar da ko kanti aka aike ta sai ta nemi ɗan rakiya, yau ga ta shekara ashirin da huɗu, fasfo ɗinta ya sha hatimi har shafukan sun soma ƙarewa. Tun da ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta shiga wata ƙungiyar agaji a matsayin 'yar sa-kai, ba albashi, sai abinci da katifa. Ƙasa ta farko ambaliya ce ta kai ta, ta biyu sansanin 'yan gudun hijira, wannan ta ukun kuwa ƙasar duwatsu ce, wadda a harshen mutanenta ba ta iya komai ba in ban da gaisuwa, da ƙirga ɗaya zuwa goma, da "riƙe shi da kyau".

Su uku 'yan sa-kai suke kwana a wani ɗaki a saman ƙaramin asibitin ƙungiyar, taga ɗaya mai kallon bango, igiyar shanya ta ratsa tsakiyar ɗakin. Waya ba ta kamawa sai a matakala ta bakwai, don haka can take tsugunawa duk yamma ta ji muryar gida. Umma tambayarta ɗaya ce, ko ta ci abinci. Yaya kuwa ba ya rabo da tsiya, sai ya karɓe wayar ya ce, "Likitar duniya, yau mutum nawa kika sa kuka?" Baba ba ya dogon zance. Gyaran firji ne sana'arsa, a cikin matattun firjoji Auta ta yi rarrafe, ta taso tana ganin yana zura hannu a firiza, in yatsunsa suka manne ya yi murmushi ya ce aiki ya yi kyau.

Aikinta allurar riga-kafin jarirai ne, kuma ita ce mai haɗa akwatin sanyi, wani shuɗin akwati mai maɗauri da ake jera kwalaben magani a ciki, a zagaye su da robobin ƙanƙara. To, aikin yana da wata doka da ke ba baƙo mamaki. In an ciro robobin daga firiza ba a sa su a akwati nan take. Sai an jera su a tebur an jira, rabin awa ko fiye, har sun yi gumi, in ka girgiza ka ji ruwa yana motsi a ciki. Dalili shi ne maganin nan yadda zafi ke kashe shi haka daskarewa ke kashe shi, ga shi in ya narke ba ya nuna alama, sai ka ɗauka lafiyarsa lau. Auta ta san wannan sarai, har jarrabawa ta ci a kansa. Sai dai a sansanin da ta baro ta taɓa ganin an zubar da akwati guda saboda zafi, aka sallami iyayen da suka yi tafiyar yini a ƙafa. Tun daga ranar zafi take tsoro, ba sanyi ba.

Akwai wani ƙauye a bayan dutse, tafiyar awa huɗu a mota, wanda suka yi mako shida suna lallashi. Matan wurin ba sa yarda da allura, kuma duk bakinsu yana hannun mace ɗaya, mai injin niƙan ƙauyen, wadda kowace mace sai ta biya ta wurinta da safe. 'Yan ƙungiyar suna kiranta Mai Niƙa. Doguwa ce, ba ta dariya, tana goye da ɗa ɗan wata uku. Ranar da ta ce "ku zo", Tafinta, dattijon da ke juya musu magana, sai da ya cire hularsa ya yi fifita da ita.

Ran tafiyar Direba ya tashi da gaggawa, wai hadari yana haɗowa, in ruwa ya riga su rafi ba za su ƙetare ba. Yana ta danna oda a ƙofa. Auta ta ɗauki roba ɗaya ta girgiza a kunnenta, shiru, ƙanƙara ce kamar dutse. Ta dubi agogo, ta tuna awa huɗu a bayan mota cikin rana. Ta ce a ranta kafin su kai ai sun saki. Ta jera su haka nan, har ta ƙara biyu don kada a yi asara, ta rufe akwati ta fita da gudu.

Aiki ya yi kyau ranar. Mai Niƙa ce ta fara miƙo cinyar ɗanta, sauran suka biyo layi. Yara talatin da ɗaya, kowanne Auta ta buga masa hatimi a kati, ta rubuta kwanan wata da hannunta. A hanyar dawowa har waƙa suka yi.

Da la'asar sakaliya, ita kaɗai a ɗakin ajiya, tana mayar da ragowar kwalabe firji, sai ta ji ɗaya ta ƙi fitowa daga ƙasan akwati. Ta manne da roba. Ta ɓamɓaro ta, ta ɗaga a haske. Maganin ciki ya daskare, ta juya kwalbar ƙasa bai motsa ba. Ta tsaya riƙe da ita, kafin ta gama tunanin abin yi ɗumin hannunta ya narkar da shi. Kwalba ta koma daidai da 'yan'uwanta, ba wanda zai kalle ta ya ce ga abin da ya faru.

Saura kwana huɗu wa'adinta ya cika ta tafi gida. Tikitin jirgi yana cikin jakarta. Ba wanda ya gani, ba wanda zai tambaya. Zuciya kuwa ba ta rasa lauya, nan da nan ta soma kawo mata hujjoji. Wataƙila wannan kaɗai ce ta daskare, tunda ita ce a ƙasa. Wataƙila na saman lafiya suke. In kuma ta faɗa, mako shidan nan sun tafi a banza, ƙauyen ba zai sake buɗe wa kowa ƙofa ba. Amma in ta yi shiru, akwai yara talatin da ɗaya da iyayensu ke ganin an kare su daga cuta, ga kati da hatimi a hannu, alhali wataƙila ruwa kawai aka tsira musu.

Da yamma ta tsuguna a matakala. Umma ta ce, "Auta, muryarki wani iri. Kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, Umma."

"Ƙarya kike. Ni na haife ki. To, ki daure, saura kwana huɗu. Na sa an wanke miki labule."

Ta ajiye wayar, abincinta kuwa yana nan a rufe har gari ya waye.

Da safe ta sami babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, tana cika rijista. Mace ce mai furfura da tabarau, ba ta ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronta ke nan. Auta ta tsaya a bakin tebur ta faɗi komai a tsaye, ba ta rage ba, har robobi biyun da ta ƙara. Sista ta cire tabarau ta ajiye.

"Kin girgiza robar?"

"Na girgiza."

"Kin ji ruwa?"

"Ban ji ba."

"Kika sa."

"Na sa, Sista."

Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙe kawai ta ɗauko sabuwar kwalba irin waɗancan, ta yi mata alama da jan biro, ta jefa a firiza da gangan. Ta ce sai gobe, in ta daskare ta narke za a gwada ta da ragowar na akwatin. Auta ta wuni tana awon jarirai, sau biyu tana rubuta nauyi a gurbin tsawo.

Washegari suka jera kwalaben a kan taga. Sista ta girgiza mai jan biro tare da ɗaya daga cikin na akwatin, ta ajiye su kusa da juna. Lafiyayyen magani yakan daɗe a gauraye kamar madara, wanda ya taɓa daskarewa kuwa nan da nan yake kwantawa a ƙasa, ruwa ya tsaya garau a sama. Auta ta ƙura ido tana addu'a a ranta. Mai jan biro ta soma kwantawa, ta kusa da ita ta bi ta kamar sun yi shawara. Aka gwada ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ba ta ƙasan akwati kaɗai ba ce.

Tafinta ya yi gyaran murya. "Sista, ni dai ga shawarata. Mu koma mu ce musu ƙari ne aka aiko, na ƙarfafa jiki. Ba wanda zai sani. In kuka ce ta farko ba ta da kyau, wallahi ko ruwan sha ba za su sake karɓa a hannunmu ba."

Sista ta juya ta kalli Auta. "Akwatinki ne."

Auta ta girgiza kai. "In muka ce ƙari ne, wadda ba ta ga dama ba za ta ce ta farkon ta ishe ta. Sai sun san ba a yi musu komai ba." Ta juya ga Tafinta. "Baba, ni zan faɗa, kai dai ka juya."

"'Yata, za ki ƙona mu," in ji shi, amma ya ɗauki hularsa.

Suka isa ƙauyen da hantsi, saura kwana ɗaya tafiyarta. Mata suka taru a rumfar injin niƙa, aka kashe injin. Auta ta tsaya a gabansu. Ta ce allurar rannan ta lalace, ita ce ta lalata ta da gaggawarta, ba maganin ne mugu ba, ba za ta cuci yaran ba amma ba ta kare su daga komai ba, sai an sake. Tafinta ya juya. Sai ta ga mata suna gyaɗa kai hankali kwance, wata har da murmushi. Ba a karɓar irin wannan labari da murmushi.

"Baba, me ka gaya musu?"

"Na ɗan gyara ne."

"Ka faɗa yadda na faɗa. In ba haka ba zan ɗauko kwalaben in nuna musu da hannu."

Ya dube ta, ya dubi Sista, ya ja dogon numfashi ya sake magana. Wannan karon rumfar ta ɗauki hayaniya. Wata ta jefar da katinta a ƙasa. Wata ta kwance goyo ta nuna cinyar 'yarta da ta kumbura, tana faɗa tana nuna Auta da yatsa, ba sai an juya wannan ba. Mai Niƙa ta juya musu baya. Ta tayar da injinta, ƙara ta rufe kowace murya, mata suka watse.

Suka shimfiɗa kayansu a barandar makaranta, suka ce suna nan har la'asar. Azahar ta yi ba kowa. Direba ya yi ta zagaye motarsa yana duba sama. Auta tana zaune kusa da akwatin, kunya da tsoro sun cika ta, ta tabbata ta kashe aikin mutane da hannunta. Can injin ya yi shiru. Sai ga Mai Niƙa tafe, garin niƙa har gira, mata kuma sun tsaya nesa a bakin hanya suna kallo.

Sista ta miƙe ta wanke hannu za ta karɓi yaron. Mai Niƙa ta kauce mata, ta tsaya a kan Auta ta yi magana a taƙaice.

Tafinta ya ce, "Wai da kin yi shiru, da wa zai sani?"

"Ba kowa," in ji Auta.

Matar ta daɗe tana kallonta, sannan ta sake magana, tana kwance goyo.

"Ta ce ke za ki yi masa, ba tsohuwar ba. Wai ke yanzu kin san tsoro."

Auta ta zuƙi maganin, ta tsira masa allurar a cinya. Yaron ya tsala ihu. Ta karɓi katin, ta ja layi a kan rubutunta na rannan, ta buga sabon hatimi. Matan bakin hanya suka soma matsowa ɗaya bayan ɗaya, ba mai gaishe ta.

Har hadari ya taso Direba ya ce dole a tashi, yara ashirin da biyu aka kawo. Kafin su tashi suka bi sauran gidajen, aka ƙi buɗe musu. Sista ta ce za su ci gaba da komawa, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Washegari Auta ta hau jirgi ta bar ƙasar, ta bar katuna tara a gidaje tara, kowanne da rubutun hannunta yana cewa an yi wa yaron riga-kafi.