Ranar da Kekunan Kawu Sifana Suka Dawo da Masu Su a Kai

Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, amma ko ni da na tashi a gabansa sai na yi ɗan tunani kafin in tuno sunansa na gaskiya. Kowa Sifana yake ce masa, saboda shekara talatin da ya yi yana gyaran kekuna a bakin titi da sifana ɗaya a aljihun gaban riga. Ko asibiti zai je dubiya tana nan, wai ba a san inda za a gamu da noti da ya kwance ba.

Da gwiwa ta fara yi masa gardama ya daina tsugunno a bakin titi, sai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista ta same shi har gida. Ta kafa wata 'yar ƙungiya mai ba marasa lafiya aron keken guragu da sandunan dogarawa kyauta, idan mutum ya warke ya dawo da su a ba wani. Kekunan duk tsofaffi ne, rabinsu ba sa motsi. Kawu ya ce zai je ya duba na minti goma. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan makullin siton yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi.

Siton ɗaki ɗaya ne a bayan ofis, taga ɗaya, warin giris kamar ka yanka da wuƙa. Sanduna a tsaye cikin tsohon durom, tayoyi a jikin ƙusa, kekuna a jere fuskarsu na kallon ƙofa. Kawu bai taɓa sa wa keke lamba ba, suna yake raɗa musu. Akwai Mai Kuka, wadda tun daga farkon layi ake jin zuwanta. Akwai Bahaguwa, duk yadda ka tura ta sai ta ja hagu. Akwai Giwa ta masu jiki, da Siririya mai shiga kowace ƙofa. Idan ka zo aro, ba zai tambaye ka takarda ba. Zai ce, "Ƙofar banɗakinku, mutum biyu suna wucewa a jere? Akwai tudu a gidan? Wa zai riƙa turawa, mai ƙarfi ne ko irina?" Sannan ya zaɓa maka. Bai taɓa sa wa kowa ranar dawowa ba. Duk Alhamis sai ya ɗauki gwangwanin mai ya zaga gidaje, wai ya zo ɗiga wa taya mai, alhali so yake ya ga wa ya fara takawa. Sauran bayani kuwa, wane keke yana gidan wa, duk a kansa yake.

Sai wata gidauniya ta yi wa ƙungiyar alkawarin sababbin kekuna arba'in, da sharaɗi ɗaya: a sami manhaja a intanet wadda su ma za su iya buɗewa daga ofishinsu su ga kowane keke yana ina. Kan Kawu ba ya buɗuwa daga nesa.

Sista ta kira taro, su uku. Na ukun shi ne sakatare, mai shagon buga takardu, wanda ake kira Injiniya tun ranar da ya gyara fankar ofis ta hanyar kunna makunnin bango. Sista ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, "Baba Sifana, wata ɗaya suka ba mu. Injiniya ya samo manhaja uku da za a gwada kyauta. Duk wadda aka zaɓa, mai riƙe sito shi zai riƙa shigar da bayani da hannunsa. In ka iya, makulli na nan a wuyanka. In ba ka iya ba, Injiniya zai karɓa."

Injiniya ya ce, "Ba wani abu ba ne, Baba, ka huta kawai."

Kawu ya dawo gida ya zauna a tsakar gida. Matarsa, da muke kira Inna, ta ba shi shayi ya bar shi ya huce. Ta ce, "Malam, mutuwa aka yi?" Ya ce a'a, hutawa aka ce ya yi. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "A ina? A gidan nan? Wallahi ka tashi ka koya."

Manhajar farko ta masu hayar motoci ce. Injiniya ya ce ai keke ma abin hawa ne. Suka zauna gaban kwamfutar ofis, Kawu ya sa tabarau, suka fara da Giwa. Manhaja ta ce a sa lambar mota. Injiniya ya ƙirƙiro. Ta ce kilomita nawa ta yi. Kawu ya yi lissafi daga ɗaki zuwa tsakar gida sau biyu a rana, shekara huɗu, ya ce a sa tara. Ta ce fetur take sha ko dizal, kuma ba za ta wuce shafi na gaba ba sai an zaɓa. Kawu ya ce, "Shayi take sha, domin mai tura ta shayi yake sha." Aka zaɓi fetur. Da ta nemi lasisin tuƙin mai aro, wanda tsoho ne ɗan shekara tamanin da shanyewar ɓarin jiki, Injiniya da kansa ya rufe kwamfutar.

Ta biyu ta ɗakin karatu ce, ta masu ba da aron littattafai. Wannan ta burge Injiniya ƙwarai, tana da launuka da zane-zane, tana ma cewa barka da zuwa. Ya ce Baba ya faɗa masa komai shi ya rubuta, don a yi sauri. Kwana biyu Kawu yana zazzage kansa: wane, lambar wayarsa, keken da ke gidansa, lokacin da ya karɓa. Wani wata uku, wani shekara biyu, wata tsohuwa shekara biyar. Mutum hamsin da shida suka shigar. Abin da ba wanda ya lura shi ne, ita wannan manhaja a iya saninta aro kwana goma sha huɗu ne, kuma tana da wata ɗabi'a ta aika saƙo da kanta. Ranar Talata da rana ta aika wa mutum hamsin da shida cewa wa'adin abin da suka ara ya wuce, su dawo da shi gobe da safe ba tare da jinkiri ba. Ta ƙara da fatan sun ji daɗin karatu.

Shagon ɗinkina yana kallon ofishin, shi ya sa na ga komai da idona. Ina buɗe ƙofa ranar Laraba na ji Mai Kuka daga nesa. Na leƙa, sai ga ta, ga wasu a bayanta, layi guda har kwanar titi. Mutane ne masu jin magana, an ce su dawo da kaya sun dawo da kaya. Matsalar ita ce mai buƙatar keke ba ya iya zuwa sai a kan keken. Don haka kowane keke ya zo da mai shi a kai, da mai turawa a baya, wasu da matashin kai da bargo. Masu sanduna suna ta ɗingisowa a gefe. Masu motoci suka tsaya suna tambaya ko zanga-zanga ake yi.

A kan gaba akwai tsohuwar nan ta shekara biyar, wadda kowa ke kira Kaka, surukarta na tura ta cikin Bahaguwa, suna tafe suna cin gefen kwata. Tana hango Kawu ta ɗaga murya.

"Kai Sifana! Ga kekenka. Sauke ni a nan ka ɗauka. Ni za ka aiko wa da saƙo? Ni da kake shan ruwan gidana duk Alhamis?"

"Kaka, wallahi ba ni ba ne."

"To wa? An ce wai na ji daɗin karatu. Ni karatun me na yi?"

Wani direban tirela da ya karye a ƙafa ya miƙo sandunansa biyu, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana riƙe da fitilar titi. Ya ce, "Karɓi, Baba. Amma ka faɗa mini wa zai goya ni zuwa gida, don na lura sakatarenku yana da faɗin baya." Injiniya, da ke leƙe ta tagar ofis, ya saki labule.

Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, yana cewa kowa ya zauna inda yake, ba wanda za a sauke. Hannunsa kuwa bai san ana rikici ba, sifana ta riga ta fito, yana magana yana ɗaure noti. A nan ne ya tsaya cak. Can ƙarshen layi wani ƙato ne lafiyayye, yana turo wani keke shuɗi da jarkokin ruwa huɗu a kai. Ba ya cikin hamsin da shidan, maƙwabcinsa ne ya nuna masa saƙo, tsoro ya kama shi. Ya ce shekara bakwai da suka wuce aka ba shi aro da ya faɗo daga tsani, ya warke cikin wata biyu, ba wanda ya zo tambaya, shi kuma ya ga keken yana da ƙarfi.

Kawu ya zagaya keken sau biyu. Waldarsa ce a jikin madogara, ba shakka. Amma ya manta da shi ƙaƙaf, ko sunansa bai tuna ba. Shekara bakwai, kuma a cikinsu ya sha ce wa mutane su yi haƙuri babu keke. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya shiga ofis, ni ma na bi shi da tef ɗin awo a wuya.

Ya ce, "Injiniya, fito daga bayan ƙofa. Manhaja ta ukun fa?"

"Baba, wannan ba ta da wani abin kirki. Layuka ne kawai da gurabe, sai abin da ka rubuta. Ko barka da zuwa ba ta cewa."

"Tana aika wa mutane saƙo?"

"Ba ta yi."

"Tana tambayar fetur?"

"A'a."

"In na rubuta Bahaguwa za ta karɓa? Tana shiga wayata? In babu sabis fa?"

"Za ta karɓa. Tana ajiyewa, in sabis ya dawo ta tura."

"Ita nake so."

Sista ta naɗe hannu ta ce, "To ga kekuna sun zo da ƙafarsu. Ka nuna mana, da hannunka. Injiniya ya nuna maka sau ɗaya, daga nan ya koma ya raba wa mutane ruwa."

Aka fito wa Kawu da kujera ƙarƙashin rumfa. Gurabe biyar ya ce a yi masa: sunan keke, gidan da yake, halinsa, yanayin ƙofar gidan, da hoto. Ya fara da Bahaguwa, da yatsa ɗaya, mai kauri kamar kan guduma, wanda duk harafin da ya nufa sai ya danno maƙwabtansa biyu. Minti ashirin ya yi a kan layi ɗaya. Kaka ta ce, "Sifana, in haka za ka yi, ka sa a kawo mini abincin rana da na gobe." Da aka zo hoto ta gyara ɗankwali, ta sa surukarta ta goge mata fuska, ta ɗaga haɓa. Sista ta ce a'a, keke kawai za a ɗauka, ba a sa fuskar mara lafiya inda baƙi za su gani, ko sunansa ma ba za a nuna wa gidauniya ba. Kaka ta ce ita ba ta taɓa ganin rashin mutunci irin na yau ba, an kira ta, an hana ta hoto. Sai da na ɗauke ta da tawa wayar, har kala uku, sannan ta yarda aka ɗauki taya.

Layi na biyu ya ci minti goma sha biyar. Wajen na goma ya gano cewa in ya kwantar da yatsan a gefe, harafi ɗaya yake kamawa. Direban tirela ya zama mai kiran layi, masu turawa suka shiga hira, wasu tsofaffi biyu suka gano ajinsu ɗaya a firamare. Duk wanda aka gama da shi sai a ɗiga masa mai a taya ya kama hanya. Ƙaton nan mai jarkoki shi ya yi ta raka waɗanda masu tura su suka gaji, ba wanda ya roƙe shi, kunya ce kawai.

Rana ta yi sanyi lokacin da Kawu ya miƙa wa Sista wayar. Ta sa tabarau ta bi layi-layi, hamsin da bakwai. Ta gyara masa wuri biyu, ta yi dariya a inda ya rubuta cewa Mai Kuka ba ta dace da gidan da ke da jariri ba. Sannan ta miƙa masa wayar ta ce, "Gobe ka zo da wuri, Baba Sifana. Kekuna arba'in ba za su shiga siton nan ba sai ka kwashe tarkacenka."

Injiniya ya ce shi dama tun farko ta ukun ce a ransa.

Da na biya gidansu da yamma na iske Kawu a tsakar gida, yatsansa cikin kofin ruwan ɗumi, ya kumbura ya yi sumul. Inna na tsaye a kansa tana cewa shekara talatin yana dukan ƙarfe bai taɓa kwanciya ba, yau gilashin waya ya kayar da shi. Ya ce ta bar shi ya ji da abin da ke damunsa, gobe da wane yatsa zai yi aiki? Ta ce, "Kana da tara, Malam. Ka bi su a hankali."