Baƙar Ƙwarya

Gwaggon mijina ba ta sayen nono sai ta ɗanɗana, kuma ba ta ɗanɗanawa ta yi shiru. Gidanta a jikin namu yake, da wata 'yar ƙofa a katangar da ke tsakani. Hantsi na yi matan Fulani uku ko huɗu za su sauke ƙorensu a gindin darbejiyarta, matan unguwa su taru da kwanuka, amma ba mai cewa a zuba mata sai Gwaggo ta yanke hukunci. Takan ɗebi kaɗan a ludayi, ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki tana kallon sama. Mataki huɗu gare ta: na baƙo, na maigida, na yara, sai na ƙarshe da take kira na wanke ƙafa.

"Ke 'yar Fulani, yau ruwan kanal kika tatso?"

"Haba Gwaggo, wallahi ko ɗigon ruwa ban sa ba."

"To saniyar ce ta sa. Har kukar miya ta kaɗa, ga ta nan tana ja min harshe."

Sai a kwashe da dariya har da mai nonon. Gwaggo na gane saniyar da ta ci harawa da wadda ta ci karan shinkafa. Nonon da aka kwantar a bokitin roba kuwa tun a hanci take kama shi. Takan ce roba ba ta da abin da za ta ba nono.

Ni a kan turmi nake zama, can kusa da ƙofa. Daga wajen Dawakin Kudu aka kawo ni wannan ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, kuma har na haihu ba a daina ce min amarya ba. In sun yi dariya nakan yi, amma ba na sa baki. Maigidana yana gonar tumatir daga asuba zuwa magariba, in an fara tsinka kuma ya bi mota Kudu ya yi mako. Lokacin wayar hannu ba ta wadatu ba, sai dai in ya dawo ka gan shi. Wuni nake daga ni sai yarinyar da kaji.

Yarinyar ba ta kai shekara ɗaya da rabi ba wani ciki ya shiga, aka ce a yaye ta. Aka yaye. Ta ƙi koko, ta ƙi kunun gyaɗa, ta ƙi tuwon da na dama mata da ruwan miya. Sai ta datse baki ta juyar da kai, in na ɗura mata ta mayar. Zaren da ke ɗaure a hannunta, wanda a da yake nutsewa cikin tsoka, ya fara zamewa har gwiwar hannu. Kullum da safe shi nake fara dubawa. Ga shi 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle ta zauna cikin mata tana cewa hankalina ya tashi. In an tambaye ni ya mai yaye, sai in ce da sauƙi.

Cikin masu nonon akwai wata dattijuwa doguwa, ba ta da yawan magana. Ƙwaryarta baƙa ce wuluk, an ɗinke ta a gefe ɗaya. Kindirmonta bai taɓa sauka daga na baƙo ba. Wata rana yarinyar ta dafa ƙwaryar ta miƙe tsaye, sai matar ta ɗebo kaɗan ta kai mata baki. Ta sha. Ta kama ludayin da hannu biyu.

"Kai, wannan ta gaje ni," in ji Gwaggo. "Ba ta shan na yara."

Haka kuwa aka yi. Na gwada mata na sauran, ta tofar. Sai na baƙar ƙwarya. Makonni muka yi a haka, ina dama mata da 'yar fura, zaren ya daina zamewa.

Ranar da dattijuwar ta fara shigowa gidanmu ita ce kuma ta ƙarshe. Ta yi sallama ta tsuguna a bakin ɗaki, ta ce jibi za su tashi. An saki ruwan noman rani, an dasa tumatir har kan burtali, shanu ba su da hanyar mashaya. Ban san lokacin da na ce, "To yarinyar fa?" ba. Ta dube ni, ta juye sauran nonon a kwanona, ta tura min ƙwaryar.

"Ki dafa madara, ki bari ta huce, ki zuba, ki rufe da faifai. Ƙwaryar ta san sauran."

Bayan ta fita na ɗauki ƙwaryar na duba cikinta a rana. Wani abu ne ya dafe a cikinta, ruwan ƙasa-ƙasa, mai maiƙo, ga warin hayaƙi da tsami. A wajen awo malamar asibiti ta sha gaya mana duk abin da yaro zai ci a ciki a wanke shi da sabulu da ruwan zafi, saboda gudawa. Kuma a wannan ranin an binne yara biyu a unguwarmu. Ni ban yi nisa a makaranta ba, abin da aka faɗa min shi nake riƙewa. Na ɗora ruwa, na ɗauko sabulun wanki da soson ƙarfe. Na dirje ta har hannuna ya yi ja, na ƙara da yashi, sai da cikinta ya fito fari tas kamar yau aka fafe ta. Na kife ta a kan danga ina jin na yi abin kirki.

Maigida ya samo wani Bafulatani mazauni a hanyar Kadawa, yana ratsewa ya karɓo madara a jarka. Na dafa, na zuba, na rufe. Da safe na ɗaga faifai na tarar ruwa a sama, gudaji a ƙasa. Yarinyar ta shinshina ta kau da kai. Na ce ko zafin madarar ne. Na sake. Na sake har sau uku. Maigida ya ce, "Ke ma dai, nono ai nono ne. In ta ji yunwa za ta sha." Ba ta sha ba. Ta koma kwanciya a tabarma, ko kukan ma ba ƙarfi.

Rana ta huɗu na jira mata suka watse, na bi ta 'yar ƙofar da ƙwaryar a hannu. Gwaggo ta ɗebi kaɗan, ta kurɓa, ta furzar a gindin bishiya.

"Sabulu." Ta karkata ƙwaryar ta ga farin cikinta. "Innalillahi. Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce, Gwaggo. Na ga ta yi datti."

"Datti! Tun ba a haife ki ba ƙwaryar nan take shan nono, kika zo rana ɗaya kika kankare. Abin da kika zubar a kwata shi ne kindirmon, 'yar nan. Wannan da kika rage ai duma ne kawai."

Na so in ce to, in tashi. Sai na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, ba ta cin komai." Hawaye suka biyo.

"Na gani," ta ce. "Kin zaci makauniya ce ni? Share fuskarki kada wani ya shigo."

Ta gaya min abin yi. In jiƙa ƙwaryar da ruwan tsari kwana uku sabulun ya fita, in shanya, in turara da karan dawa, in shafe cikinta da man shanu. Kullum in zuba madara da ɗan ludayi ɗaya na nonon da ta zaɓa min, ko ya yi ko bai yi ba. Wanki kuma ruwan ɗumi da tafin hannu, shi ke nan. Na tambaye ta kwana nawa za a ɗauka. Ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta yi irin wautata ba, balle ta sani.

Waɗannan kwanakin ba na son tuna su. Yarinyar tana rayuwa a kan ruwan shinkafa da ɗan dankalin da nake murje mata a yatsa, loma biyu, uku. Maigida ya bi mota Kudu ya dawo. Kowace safiya in ɗaga faifai in kurɓa ni kaɗai a tsakar gida, in riƙe a baki. Da farko sabulu nake ji can ƙasan harshe. Daga baya hayaƙi ya rufe komai. Sai wani ɗaci-ɗaci. Sai kuma ya zama ba ya da laifi, ba ya kuma da daɗi. Cikin ƙwaryar ya soma yin ja kaɗan-kaɗan daga ƙasa. Kullum ina kai wa yarinyar baki, kullum tana kaucewa.

Ban ƙirga ba, amma an kusa gama tsinkar tumatir ta fari. Ran nan na ajiye ludayin a tabarma na tashi korar kaza daga kan gero. Da na juyo na ga yarinyar zaune ta kifa ludayin a fuska tana lasa. Na tsaya cik, ina tsoron in motsa ta fasa. Na matso a hankali na ƙara mata. Ta shanye, ta miƙo. Bai kai na matar nan ba, ni ma da na sha na sani, amma ta sha ludayi uku ta yi gyatsa, ta yi barci da fari a gemu.

Na leƙa gidan Gwaggo, ta tafi suna wani ƙauye. Na dawo na zauna kusa da tabarmar ina kore mata ƙuda har la'asar. Da magariba maigida ya shigo, ƙafafunsa duk taɓo, ya jingine keke.

Na ce, "Ta sha."

Ya ce, "To madalla. Akwai ruwan wanka?"

Na ce akwai, na tashi na juye masa.