Sawun Takalma a Farin Ɗaki

Shekara goma sha ɗaya Gwaggo tana goge Farin Ɗaki a cibiyar binciken kwantam da fasahar nano ta jami'a. In ka tambaye ta mene ne kwantam, sai ta ce ka tambayi masu digiri. Abin da ta sani shi ne a ɗakin ana zana hanyoyin lantarki a kan wasu 'yan faya-fayai masu ƙyalli, hanyoyin kuma sirara ne har silin gashi guda in ya faɗa musu kamar bishiya ce ta tare titi. Don haka ba a shiga da hoda, ba turare, ba fensir. Sai ka sa farar riga mai haɗe da wando da hula, ka rufe baki da hanci, ka sa safar hannu, ka lulluɓe takalminka, sannan ka tsaya a wani lungu iska ta kakkaɓe ka.

Sau ɗaya take shafa tsumma, daga sama zuwa ƙasa, ba ta komawa inda ta wuce. Ba a cibiyar ta koyi tsoron dattin da ido ba ya gani ba. Ɗanta na fari 'yar ƙaramar tiyata aka yi masa, aiki ya yi kyau, bayan kwana tara raunin ya ruɓe ya tafi da shi. Ɗakin da ya kwanta kuwa a ido fes yake. Ba ta cika yin maganar ba.

Wata Laraba aka kawo manyan baƙi su ga sabuwar na'ura. Injiniya, mai kula da na'urorin ɗakin, ya jera fararen riguna takwas. Babban baƙon ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu ya yi dariya.

"Darakta, ni za a cusa a buhu? To wa zai gane ni a hoto?"

"Haba ranka ya daɗe, minti biyu ne ai. Bismillah, ku shiga."

Gwaggo na tsaye bayan gilashi tana kallo. Su takwas suka shige da kwat da takalman da suka tako waje da su. Babban baƙon ya yi atishawa baki buɗe, ya share hanci da bayan hannu, da hannun kuma ya ɗauki faifai guda cikin waɗanda Dakta, wata mai bincike a cibiyar, ta yi wata bakwai tana aikinsu. Ya huro masa iska, ya goga a gaban kwat ɗinsa kamar tabarau, ya mayar cikin 'yan'uwansa. Dakta na gefe tana murmushi, don ana ɗaukar hoto. 

A bakin ƙofar ɗakin akwai shimfiɗa mai danƙo, ledoji talatin ne kan juna, aikinta kwashe ƙurar ƙafa. In ta saman ta yi datti Gwaggo kan ɓare ta, ta dunƙule, ta jefa a kwandon shara. Da baƙin suka tafi ta ɓare ta ranar. Ga yashi, ga ɓurɓushin ciyawa, ga wani abu mai launin ƙasa-ƙasa da ba ta so ta san sunansa. Ba ta dunƙule ba. Ta san halin gidan, sai ta rufe ta da wata leda ta ajiye a kabad ɗinta.

Bayan kwana biyu na'urar ƙirga ƙura ta haura inda ba ta taɓa kaiwa ba, faya-fayan Dakta kuma duk suka tashi daga aiki. Darakta ya aika a kira Gwaggo. Ta tarar da Injiniya a zaune, ga takarda da biro a kan tebur.

"Gwaggo, shekaru sun ja, ido ya rage. Ba abin kunya ba ne. Sa hannu nan kawai."

"Me takardar ta ce, ranka ya daɗe?"

"Cewa an samu ɗan sakaci wajen goge-goge. Za mu mai da ke sharar ofisoshi, can ya fi miki sauƙi."

Ta juya. "Injiniya, kai ma haka ka gani?"

Injiniya ya zuba wa agogonsa ido. "Ni na'ura nake karantawa, Gwaggo."

Ta ce a yi mata minti biyu. Ta dawo da ledar, ta buɗe ta a kan teburin, bisa fayilolinsa.

"Mu masu shiga ɗakin ƙafarmu a lulluɓe take, ba ta barin zane. Wannan mai layi-layin na mai hoto ne, shi ya yi ta shiga da fita. Wannan ƙaton na mai atishawa ne. Wannan mai tauraro a dunduniya ne ban gane na wa ba."

Ta sunkuyar da kai ta dubi ƙarƙashin tebur. Darakta ya janye ƙafafunsa a hankali.

"Ɗauke mini ƙazantar nan daga gabana."

"Ni ma a bakin ƙofata aka bar mini ita, ranka ya daɗe."

 Darakta ya ja takardar ya tura cikin durowa, ya ce za a sake duba lamarin. Rahoton da ya fito daga baya ya ɗora laifin a kan matatar iska. Aka sa Injiniya ya cire lafiyayyun matatu guda shida ya sa sababbi. Ba wanda ya ba Gwaggo haƙuri, ba kuma wanda ya ƙara yi mata zancen ofisoshi.

Ranar da za ta fara wankin ɗakin daga rufi har ƙasa, Injiniya ya same ta tana sa safar hannu.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, kin san ina da iyali. Bari in kama miki ko da bango ɗaya ne."

Ta dube shi ta saman abin rufe bakinta.

"Bar shi, ɗan nan. Bangon da ka goge sai na sake bi."

Ta ɗauki bokitinta ta shiga lungun iska. Kwana huɗu ta yi a kai, ita kaɗai.