Zabrodniak na Bukuru

Duk layinmu na Plumstead babu mai suna irin na Dalyop. Mutum ne baƙi wuluk, ɗan Bukuru, dogo, mai tafiya kamar yana auna ƙasa da ƙafa, amma a ƙofar flat ɗinsa an rubuta D. Zabrodniak. Mu maƙwabta harshenmu ya kasa ɗauka, sai muka sauƙaƙa wa kanmu muka sa masa Bature. Shi yana jin haushi, mu kuwa abin nema ya samu.

Ga yadda sunan ya faɗo gidansu. Ubansa, Baba Choji, ya shiga soja lokacin yaƙin Hitila. A zamanin nan an turo waɗansu hafsoshi mutanen Poland su taya Ingilishi horar da sojojin ƙasarmu, aka ba Choji ɗaya daga cikinsu ya riƙa yi masa hidima: wanki, guga, goge takalmi, dafa shayi. To Choji uku ne a rukunin. In saje zai kira na kyaftin sai ya ce Choji na Zabrodniak. Ranar sallama akawu ya gaji, ya yar da "na" ɗin, ya rubuta sauran a littafin soja. Da aka kai Dalyop makarantar mishan aka ce ina sunan uba, tsoho ya miƙa littafin. Shi ke nan. Suna ya kama gida kamar ƙaiƙayi, daga 'ya'ya har jikoki.

Ba sunan kaɗai kyaftin ya bari ba. Da aka kira shi ya koma fagen fama, ya ba Choji wani gwangwanin taba ya ce ya ajiye masa sai ya dawo. Bai dawo ba. Choji ya ɗinke gwangwanin cikin tsohon kaki, ya rataye a ɗaka shekara da shekaru, ko matarsa ba ta taɓa.

A 1971 gwamnati ta ba Dalyop sukolashif ya zo London ya koyi aikin safiyo. Ranar tafiya tsoho ya sauko da ƙunshin.

"Tunda Allah ya kai ka garinsu, ka kai masa kayansa. Hannu da hannu. Kada ka buɗe, kada ka ba wani, kada ka dawo mini da shi."

"Baba, shi mutumin Poland ne, ni Ingila zan je."

"Duk Turai ce. Ka tambaya a kasuwa, wa bai san kyaftin ba?"

Dalyop ya karɓa da hannu biyu. A ransa ya ce aikin mako guda ne.

Shekara biyar ya yi yana wannan mako. Duk Asabar, in mutane sun nufi kasuwa sayen doya da manja, shi laburaren Woolwich yake tafiya, inda ake jera littattafan lambobin waya na ƙasar kaf. Ya fara da London, ya bi gari gari har Scotland, yatsansa ya yi baƙi da tawada. Ya ga Zabrocki, ya ga Zabrodzki, nasa dai babu. A shekara ta uku ya shigo layi yana sauri, ya ce ya samu guda a sabon littafi. Ashe shi ne. Watan da ya wuce aka sa masa waya a flat. Wannan kam mun yi wata guda muna ci da shi. Duk wanda ya gamu da shi a bakin bas sai ya ce, "Bature, ka je ka gaishe da mutumin kuwa? An ce gidansa ba nisa."

Ya je kulob ɗin mutanen Poland da ke yammacin gari, sanye da kwat. Tsofaffin suka zagaye shi suna juya fasfo ɗinsa kamar sun ga kaza da haƙori. Wani mai gilashi, wanda ya ce shi malamin makaranta ne a da, ya yi masa bayani. Ya ce sunan na nufin mutumin da gidansa ke ƙetaren mashigin rafi, kuma irin sunan nan ne na ƙauye guda, gida biyu ko uku. Ya ce in ƙauyen yana gabas, to yaƙi ya bi ta kansa sau biyu, kada ya sa rai. Shi kansa a duk rayuwarsa bai taɓa gamuwa da mai sunan ba sai yau, kuma ga shi baƙi. Suka ba shi wani abu fari a ƙaramin kofi, ya kurɓa, ya yi tari har bakin tube, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ya je Bradford saboda wani ya ce wani ya ce. Ya je maƙabarta huɗu yana karanta duwatsu cikin ruwan sama. Ya rubuta wa ofisoshi wasiƙa, waɗanda suka amsa suka ce su wane ne shi da za a ba shi adireshin mutum. Ya ce ɗansa ne a suna. Suka ce su ba su san wannan dangantaka ba.

Karatu ya ƙare a 1974. Abokan karatunsa suka kwashe kaya suka tafi, don lokacin kuɗin mai ya buɗe a gida, wanda ya iya riƙe biro ma ana neman sa. Hotuna suka fara zuwa: wannan ya jingina da sabuwar Fijo, wancan yana tsaye gaban gidan gwamnati mai fulawa. Dalyop kuwa yana nan yana rarraba wasiƙu a gidan waya, ya yi rajistar wani ƙaramin kwas don kawai a riƙa sabunta masa takarda. Duk shekara sai ya hau bas tun daga Woolwich, ya ratsa Catford, ya sauka Croydon, ofishin shige da fice, ya yi layi rabin yini, a ƙarshe wani yaro bature ya dubi fasfo ya dube shi ya ce ya maimaita sunan. In ya rubuta wa tsoho cewa abu ya gagara, amsa ɗaya ce take zuwa ta hannun malamin coci: ka ƙara tambaya.

Matarsa Rhoda tana aikin jinya a wani asibiti, ɗakin tsofaffin mata. Ita ce ta fi kowa tsanar sunan. An ba ta bajo an rubuta shi ɓaro-ɓaro, sai ta riƙa ɗora suwaita a kai, rani da damina, don ta gaji da tambayar ko mijinta bature ne. A gida kuwa gwangwanin yana saman kabad, yana kallon su suna cin tuwo.

"Baban Dokas, mu buɗe abin nan mana. Wataƙila akwai wata alama a ciki."

"Amana ce."

"To mu jefa shi a kogin Thames, mu ce mun kai. Wa zai je ya tambayi kifi?"

"Rhoda, ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Shi ya sa ban jefa ka tare da shi ba."

A 1976 aka yanka sabuwar jiha, wasiƙa ta zo daga ma'aikatar filaye ta Jos. Babban muƙami, da gida, da rancen mota, amma ya bayyana kafin ƙarshen Agusta, in ba haka ba a ba wani. Rhoda ta manna wasiƙar a jikin kabad, daidai ƙarƙashin gwangwanin, don su riƙa kallon juna. Dalyop ya rame. Ya koma laburare ya sake farawa daga littafin farko, kamar sunan zai tsiro cikin dare. Ko mu sai da muka rage tsokana, amma ba mu daina duka ba, don kada ya ɗauka ba mu da lafiya.

Shekarar ce aka yi zafin nan da ciyawar London ta ƙone, turawa suka riƙa yawo jajaye kamar an yanyana su. Ran goma sha tara ga Agusta zafi ya ci ƙarfin Rhoda a wurin aiki, ta cire suwaita ta rataye. Tana gyara wa wata tsohuwa filo, wadda ta karye a ƙugu, sai tsohuwar ta cafke mata wuyan hannu. Ta nuna bajon ta ce, "Ina kika samo sunan ubana?"

Sunan tsohuwar Juliana. A takardar asibiti sunan mijinta ne, wani bature ɗan Ingila da ya rasu, shi ya sa ba ta cikin kowane littafi da Dalyop ya bi.

Washegari Dalyop ya zo da kwat da taye cikin wannan zafi, gwangwani a hammata, ya rusuna gefen gado ya yi gaisuwa irin ta gida. Ya ce yana neman Kyaftin Zabrodniak.

"Yayana ne," in ji Juliana. "Shekara uku ke nan da ya rasu. A gidana, a Catford."

Dalyop ya ƙirga da yatsu. Shekara biyu cur suna gari ɗaya. Ya zauna kan kujera ba a ce ya zauna ba.

Tsohuwa ta miƙo hannu. Shi kuwa ya ƙara matse ƙunshin, ya fara bayani cewa Baba ya ce hannu da hannu, kuma hannun kyaftin aka ce, ba a ambaci ƙanwa ba, sai ya rubuta gida ya ji. Rhoda ta matso. Ta zare ƙunshin daga hammatarsa, ta ciro almakashin bandeji daga aljihu, ta bi ɗinkin Baba Choji ta farke.

Abu uku ne a ciki. Hoton wata mata tsaye gaban gidan katako, da ƙaramin gicciye na azurfa, da ambulan a liƙe wanda ya yi ja don tsufa. Juliana ta ɗauki hoton ta daɗe tana kallo. Ta ce uwarsu ce, kuma babu wani hotonta da ya rage a duniya. Sannan ta ɗauki ambulan, ta juya shi, ta miƙa wa Dalyop.

"Wannan ba nasa ba ne. Rubutunsa ne. Na ubanka ne."

A gaba an rubuta Choji Zabrodniak, da lambar soja, da hatimin 1948. Abin da ya faru, akawun bariki ya kira tsoho ya ce ga wasiƙar Zabrodniak. Shi kuwa Choji a duniyarsa Zabrodniak mutum ɗaya ne, kuma an koya masa tun yana kurtu ba a buɗe wasiƙar maigida. Sai ya kwance ɗinki, ya sa ta cikin kayan kyaftin, ya sake ɗinkewa.

Layi shida ce. Kyaftin ya ce yana raye, yana aiki a masana'anta, yana zaune wurin ƙanwarsa. In gwangwanin yana nan, Choji ya aiko da hoton, ya riƙe gicciyen don tunawa. A bayan ambulan ga adireshi da manyan baƙaƙe. Dalyop ya san titin. A bakinsa bas ɗin Croydon yake tsayawa ɗaukar mutane. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami, amma wannan kazar da damin a hammata ta yi ta yawo har Bradford.

Rhoda ta dube shi, ta buɗe baki, ta rufe. Mu da muka san ta mun ce wannan ne babban aikin jinyar da ta taɓa yi.

Juliana ta tambaye shi su nawa ne masu sunan a can. Ya fara lissafi: shi da ƙannensa bakwai, matansu, 'ya'yansu, har da jaririn da aka haifa a Ista. Talatin da ɗaya. Tsohuwa ta ce ita a saninta, daga nan har ƙauyensu da babu shi yanzu, ita ce ta ƙarshe, kuma ita ma ta ajiye sunan tun ranar aurenta. Ta yi dariya har ƙugun ya motsa, nas ta zo ta yi faɗa. Ta sa ya rubuta mata su duka a bayan takardar abincin asibiti.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ya ruga ya yi booking, aka ce jiragen Kano cike suke da 'yan kasuwa da masu zuwa sayayya, sai tsakiyar Satumba. Ya buga talgiram Jos. Amsa ta zo cewa an ba wani Matiyu, wanda Dalyop ya koya wa riƙe tef ɗin awo a shekararsu ta farko, amma in yana so akwai gurbin mataimaki. Babu mota. Ya karɓa.

Ana gobe za su tashi, Juliana ta aiko da ƙaramin ƙunshi a takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da zare, a kai wa Baba Choji. Dalyop ya karɓa da hannu biyu, ya nufi akwati. Rhoda ta tare shi a ƙofar kicin da wuƙar yanka albasa.

"Kawo."

"Rhoda, saƙon mutane ne."

"Na ji. Kawo."

Ta yanke zaren, ta zazzage a tebur. Askar aski ce ta kyaftin, da gicciyen nan. Ta girgiza takardar, ta ɗaga ta a haske, ta duba baya.

"Babu wasiƙa. Naɗe abinka."

Daga baya Rhoda ta rubuto mana daga Jos. Ta ce an karanta wa tsoho wasiƙar kyaftin sau biyu, yana riƙe da askar. Can ya ɗago ya ce, to me ya hana mutumin nan ya rubuta sunana a kai? Dalyop ya ce ai ya rubuta, Baba, ga shi nan. Tsoho ya ce a'a, shi dai Zabrodniak aka ce masa. Sannan ya tambayi Dalyop me ya zaunar da shi Turai har shekara biyar, alhali 'ya'yan mutane tuni sun dawo da motoci.