Rumbun Yaya a Ƙarƙashin Teburin Guga

Yayata ta daɗe tana aiki a shagon ɗaukar hoto, tana gyara fuskokin mutane a kwamfuta. Da aka rufe shagon, mai shagon ya ce ta ɗauki abin da take so. Ta tsallake kujeru da madubi, ta rungumo wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani.

"Wannan gawar za ki kawo mana gida?" in ji Mama.

"Da ranta, Mama. Kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta."

Ta share komai, ta saka mata wata 'yar manhaja marar nauyi, irin wadda masu ita suka saki kyauta, kowa ya leƙa cikinta ya gyara. Ta ajiye ta ƙarƙashin teburin guga, ta ba kowa a dangi kalmar sirrinsa. Duk inda kake, sai ka shiga ta waya ka zuba hotuna ko ka kwasa. Rumbu muke ce mata. In an ɗauke wuta dangi su dame ta da kira, ita kuwa ta ce, "Rumbu na barci, ku ma ku huta."

Mama na da ƙanne biyu, Kawu Direba da Kawu Tela, waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji. An yi sulhu har an gaji. Yaya ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta dai buɗe musu wuri guda a rumbun, ta saka tsohon hotonsu suna yara a kan keke ɗaya.

Ba a jima ba Kawu Direba ya ƙara hoton mahaifiyarsu. Kawu Tela ya rama da hoton ranar da ya buɗe shago, ga wansa a gefe yana riƙe da almakashi. Haka suka yi ta yi, ba mai ce wa wani uffan.

Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, kawunnan biyu suka zo a fusace, suka yi kiciɓis a ƙofar ɗaki. Yaya na durƙushe tana hure ƙura daga cikinta.

"Ku riƙe min murfin nan," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Suka riƙe, kowa da gefensa. Kafin ta gama ɗaure kusoshi, Kawu Tela ya tambayi wansa ciwon gwiwarsa, Mama kuma ta fita ɗora musu ruwan zafi tana share ido da gefen mayafi.